Jan kati da saɓanin hukunci a kan mummunar ƙeta

Jan kati shi ne alamar da alƙalin wasa yake ɗagawa domin korar ɗan wasa daga fili, kuma wanda aka kora ba a maye gurbinsa, sai ƙungiyarsa ta ƙarasa wasan da mutum goma. Laifukan da ke jawo shi suna cikin Doka ta 12 ta dokokin ƙwallon ƙafa, waɗanda hukumar IFAB take kula da su tun kafuwarta a 1886. Daga cikin laifukan, mummunar ƙeta wajen ƙwace ƙwallo ita ce ta fi haifar da gardama, domin ƙeta iri ɗaya takan jawo kora a wannan wasa, gargaɗi a wancan, wani lokaci kuma ko usur ba a hurawa.

Abin da doka ta ce

Doka ta kasa ƙeta gida uku. Idan ɗan wasa ya yi sakaci kawai, bugun tazara ake bayarwa ba tare da kati ba. Idan ya yi ganganci, wato bai damu da haɗarin da ya jefa abokin karawarsa ba, katin gargaɗi ne. Idan kuwa ya yi amfani da ƙarfin da ya wuce kima, ko ya sa lafiyar abokin karawarsa cikin haɗari, to kora ce kai tsaye. Babu ma'aunin da ke nuna inda ganganci ya ƙare da inda wuce kima ya fara, sai abin da idon alƙali ya gani daga inda yake tsaye. Ana koya wa alƙalai su duba gudun da ɗan wasa ya zo da shi, da tsawon da ƙafarsa ta ɗaga, da ko ƙusoshin takalminsa ne suka sauka a jikin mutum. Fara taɓa ƙwallo ba ya wanke mai ƙeta, ko da yake a gidajen kallon Aboabo da Asawase a Kumasi, hujjar da aka fi kafawa ke nan idan an kori ɗan ƙungiyar da mutum yake so.

Tarihi

An daɗe ana korar 'yan wasa da baki kafin a san kati. A Gasar Kofin Duniya ta 1962, Ken Aston na Ingila ya yi alƙalancin wasan Chile da Italiya a Santiyago, inda ya kori 'yan Italiya biyu, Ferrini da David, amma Leonel Sánchez na masu masaukin baƙi, wanda ya yi naushi a bainar jama'a, ya ƙarasa wasan. Shekara huɗu bayan haka, a wasan Ingila da Ajantina a Wembley, alƙalin wasa Rudolf Kreitlein, Bajamushe, ya kori kyaftin Antonio Rattín, shi kuwa ya daɗe bai fita ba yana neman tafinta. A wannan wasan ne aka ce Jack Charlton bai san an gargaɗe shi ba sai da ya karanta a jarida. Aston, wanda a lokacin yake kula da alƙalan gasar, ya ce daga fitilun ba da hannu na titin Landan ya samo dabarar katuna masu launi biyu, ja da rawaya, da kowa zai gane ko da ba ya jin harshen alƙali.

An fara aiki da katunan a gasar 1970 a Meziko, inda ba a kori kowa ba. Carlos Caszely na Chile ne ya fara ganin jan kati kai tsaye a Kofin Duniya, a 1974, a karawa da Jamus ta Yamma. Ingila ta karɓi tsarin a 1976, ta ajiye shi a 1981, sannan ta dawo da shi a 1987.

Kati ya magance matsalar harshe, amma bai daidaita hukunci ba. A wasan kusa da na ƙarshe na Kofin Duniya na 1982 a Sebiya, mai tsaron ragar Jamus ta Yamma Harald Schumacher ya bangaje Patrick Battiston na Faransa har ya suma ya zubar da haƙora, alƙalin wasa Charles Corver kuwa bai ga laifi ba, ya ba Jamus bugun gida. A wasan buɗe gasar 1990 an kori 'yan Kamaru biyu, Kana-Biyik da Massing, duka saboda ƙeta a kan Caniggia na Ajantina, duk da cewa masu sharhi da dama suna ganin ta farkon ba ta kai rabin ta biyun muni ba. Kamaru ta ci 1-0. A 1998 IFAB ta umarci a kori duk wanda ya yi ƙeta ta baya mai haɗari, a 2005 kuma ta faɗaɗa umarnin ya haɗa da ta gaba da ta gefe. Duk da haka, a wasan ƙarshe na 2010 Nigel de Jong ya dira wa Xabi Alonso takalmi a ƙirji ya tsira da gargaɗi, kuma alƙalin wasan, Howard Webb, ya amsa daga baya cewa kora ce ta dace.

Misalan da suka shafi Ghana

A Disambar 2005, a wasan Chelsea da Liverpool na Gasar Zakarun Turai, Michael Essien ɗan Ghana ya sa wa Dietmar Hamann ƙafa kusa da gwiwa ba tare da ya ga kati ba. Bayan an duba hoton bidiyo, UEFA ta dakatar da shi wasa biyu. Korar Luis Suárez na Uruguay a wasansu da Ghana a Kofin Duniya na 2010 ta wani babi ce daban, domin hannu ya sa ya tare ƙwallon da za ta shiga raga. Hukuncin ya yi daidai da doka, sai dai Asamoah Gyan ya ɓarar da fanaretin, aka ci gaba da muhawara a kan ko kora ta isa diyya. A gasar dai an kori Sani Kaita na Najeriya saboda harbin da ya kai wa ɗan wasan Girka bayan ƙwallo ta fita, laifin da doka take lissafawa a matsayin ta da hankali.

A cikin Ghana kanta, gardamar ba ta tsaya ga kuskuren ido ba. A 2017 FIFA ta dakatar da alƙalin wasa ɗan Ghana Joseph Lamptey har abada saboda wasan Afirka ta Kudu da Senegal, a 2018 kuma binciken ɗan jarida Anas Aremeyaw Anas ya nuna alƙalai suna karɓar kuɗi, abin da ya kai ga rushe shugabancin hukumar ƙwallon ƙasar. Tun kafin nan, turmutsutsun ranar 9 ga Mayun 2001 a filin wasa na Accra, wanda ya ci rayuka 126 ko 127, ya faro ne daga fushin 'yan kallo a kan alƙalanci a wasan Hearts of Oak da Asante Kotoko, 'yan sanda kuma suka harba barkonon tsohuwa.

Na'urar VAR

An shigar da VAR, wato tsarin taimaka wa alƙali ta hanyar sake duba hoton bidiyo, cikin dokoki a 2018. Jan kati na kai tsaye yana cikin abubuwa huɗu da aka ba ta damar dubawa a lokacin, tare da cin ƙwallo, da fanareti, da kuskuren ba wa wani katin wani, amma sai idan kuskuren ya fito ƙarara. Wannan sharaɗi ya ƙara wani matakin ra'ayi a kan na farko. A Oktoban 2020 mai tsaron ragar Everton Jordan Pickford ya raunata gwiwar Virgil van Dijk na Liverpool, ba a ba shi kati ba, domin hankalin masu dubawa ya tafi ga satar gida. Masu suka suna cewa rage gudun hoto yana ƙara wa ƙeta muni, masu goyon baya kuma suna cewa an rage munanan da ke wucewa ba a gani ba. A filin Baba Yara na Kumasi, a Maris ɗin 2022, VAR ce ta sa aka soke fanaretin da aka fara ba Najeriya a wasanta da Ghana, aka tashi babu ci.

Dakatarwa

Tsawon dakatarwa ya danganta da gasa. A Ingila wasa uku ne ga mummunar ƙeta, kuma ƙungiya tana iya ɗaukaka ƙara.