Waiwaye: Man Shanun Ailan da Tsoron Maƙwabci

A ƙauyukan Ailan na ƙarni na 19, baƙon da ya tarar ana kaɗa nono sai ya yi wa aikin addu'ar albarka, sannan ya karɓi sandar ya taya bugu. Mazubin dogo ne na katako, ana ɗaga sandar ana dannawa kamar mai daka a turmi. Wanda ya ƙi tayawa, zarginsa ake yi da niyyar sace man gidan ta hanyar tsafi.

Sana'ar ta tsufa ƙwarai. Masu haƙar ƙasar fadama don makamashi kan ci karo da curin man da aka binne, wani tun wajen shekara ta 1700 kafin haihuwar Annabi Isa. A 2016 ma an tono mai nauyin kilo 10 a gundumar Meath.

Amma abin da ya raya camfin, a ganina, kuɗi ne. Kasuwar man shanu ta birnin Cork, wadda ta kafu wajen 1770, ta zama mafi girma a duniya, manoma suna kai mata kaya cikin gangunan katako. Da kuɗin man uwargida ake biyan hayar gona. To ranar da ta kaɗa har hannu ya gaji man bai fito ba, wa za ta tuhuma? Ranar 1 ga Mayu aka fi ɗari-ɗari: ba a ba maƙwabci wuta, ba a ba shi madara, don kada ya sace man da tsafi. Ana ɗaura reshen wata bishiya mai jajayen 'ya'ya a mazubin, a sa garwashi a ƙarƙashinsa, ko a jefa ƙarfen garma a wuta don ɓarawon ya ƙone. Akwai kuma labarin tsohuwar da ke rikiɗa zomo ta tsotse shanun mutane da asuba. Galibi dai sanyi ne, ko rashin tsabtar mazubi, ke hana man haɗuwa.

Injin raba mai da madara ya ɓullo a 1878. A 1889 aka buɗe masana'antar madara ta manoma ta farko a Ailan, a garin Dromcollogher, aikin ya soma barin hannun mata. Kasuwar Cork ta rufe a 1924. Camfe-camfen kuwa, 'yan makaranta ne suka tattara da yawansu daga bakin tsofaffi a 1937 da 1938.