Ma'anar "i'itiradi" a bakin direbobinmu na Saudiyya, da lokacin da ya dace a yi shi

Ana gama sallar isha'i ɗan ƙanwata ya kira ni daga Jidda, muryarsa na rawa. Direban gida ne, bai fi shekara biyu da zuwa ba. Ya ce, "Kawu, saƙon Murur ya shigo, sun rubuta mini mukhalafa ta riyal 3,000. Abokaina sun ce in yi i'itiradi." Murur ita ce hukumar kula da zirga-zirgar motoci ta Saudiyya. Na tambaye shi abin da zai rubuta musu idan ya yi. Ya ce zai roƙe su su yi haƙuri, albashinsa bai kai kuɗin ba, ga mahaifiyarsa tana jiran aike. Tausayinsa ya kama ni ƙwarai, amma a nan na gane yaron bai san ma'anar kalmar da yake faɗa ba, kuma ba shi kaɗai ba ne. Daga Shari'u Mansur a Makka har Karantina a Jidda, kalmar tana bakin duk mai riƙe sitiyari, sai dai kowa da fassarar da ya yi mata.

Mukhalafa dai saɓa doka ce. Tushenta ɗaya da khilafi, saɓanin da muke ji ana cewa malamai sun yi a kan wata mas'ala. A harshen yau da kullum mutane sun haɗe laifin da tarar sun kira su mukhalafa, duk da cewa tarar kanta garama ake ce mata. Shi kuwa i'itiradi, asalinsa a Larabci shi ne abu ya gitta a hanya ya tare ta. Wanda ya yi karatun nahawu a zaure zai tuna jumla mu'utarida, wadda take shigowa tsakiyar magana ta gindaya. To haka yake a wajen Murur: hukuma ta ce ka yi kaza a wuri kaza ranar kaza, kai kuma ka gindaya wa maganar ka ce a dakata, akwai kuskure a cikinta. Ƙalubalantar abin da aka rubuta kake yi. Neman jinƙai yana da sunansa daban, istirhami, kuma ba shi aka buɗe wa wannan ƙofa ba. Waɗanda za su duba takardarka tambaya ɗaya ce a gabansu: abin da aka rubuta ya faru, kuma kai ne ka aikata shi, ko a'a? Labarin ƙarancin albashi, komai gaskiyarsa, ba ya amsa wannan tambaya.

Haƙƙin yin i'itiradi yana cikin dokar zirga-zirgar ababen hawa ta ƙasar, wadda aka kafa a shekarar 1428 bayan Hijira, wato 2007, aka kuma yi mata gyare-gyare daga baya. Sashe na 75 shi ya ba wanda aka rubuta wa laifi kwana 30 ya ƙalubalanta. Bai ware ɗan ƙasa da baƙo mai iƙama, wato takardar izinin zama, ba. Ina nanata wannan domin na ga dattawanmu da yawa da suke ɗaukar i'itiradi a matsayin fito-na-fito da hukuma, suna tsoron kada a sa musu ido ko a taɓa musu iƙama. Suna biyan abin da ba su ci ba suna cewa baƙo ba ya jayayya a garin mutane. Ladabi abu ne mai kyau, amma hukumar da kanta ta buɗe ƙofar, ta sa ta cikin Abshir, manhajar ma'aikatar harkokin cikin gida da kowa ke da ita a waya. Ka shiga ɓangaren Murur, ka zaɓi mukhalafar, ka zaɓi dalili, ka rubuta bayaninka, ka aika. Amsa za ta same ka ta saƙo. Babu layi, babu mu'aƙƙib mai bin takardu a madadinka, babu ko halala ɗaya da za ka biya.

Inda maganar take da nauyi shi ne tuƙin ganganci. Mu a Hausa kalma ɗaya muke amfani da ita mu rufe komai: wane yana tuƙin ganganci. A takardar Murur kuwa kowane aiki da sunansa da farashinsa. Riƙe waya a hannu ana tuƙi riyal 500 zuwa 900 ne. Rashin ɗaura bel 150 zuwa 300. Ƙetare jar danja 3,000 zuwa 6,000, haka ma bin hanya ta baibai, wanda ake kira aksus sair. Kurɗa-kurɗa da gudu tsakanin motoci, murawaga a Larabce, shi ma 3,000 zuwa 6,000, kuma shi aka rubuta wa ɗan ƙanwata. Can sama akwai tafhiɗi, wasan ƙure da mota da wasu samari ke yi, wanda karon farko ma riyal 20,000 ne, na biyu 40,000, na uku 60,000. Saboda haka kafin mutum ya ce zai ƙalubalanta, ya fara karanta ainihin sunan laifin da aka rubuta. Ba a tambayarka ko kai natsattsen direba ne a tsawon rayuwarka. Aiki ɗaya aka ambata, a minti ɗaya, a titi ɗaya, kuma a kansa za ka yi magana.

Galibin mukhalafofin yanzu kyamara ce ke ɗaukar su. Tsarin Sahir ya fara aiki a Riyad a 2010, sunan ma yana nufin mai kwana ido biyu. Da farko gudu da danja yake kamawa, daga 2018 aka ƙara masa waya da bel. Jayayya da hoto abu ne mai wuya, amma hoton shi ne kuma babban mai cetonka idan kana da gaskiya. Na'ura tana karanta lamba ne, lamba kuwa tana iya rikicewa: harafi ya goge, ƙura ta rufe adadi, a jingina maka laifin wata mota. Idan ka buɗe bayanin mukhalafar ka ga motar da ke hoton ba irin taka ba ce, ko an ce Dammam, can gabashin ƙasar, alhali motarka ba ta taɓa wuce Ɗa'ifa ba, ko an rubuta laifi ɗaya sau biyu a lokaci guda, to ga i'itiradi na gaske. Haka idan jami'i ne da kansa ya ɗaga maka hannu ka wuce danja tana ja, abin da ke faruwa a Makka cikin cunkoson Ramadan da aikin Hajji, ko ka matsa gaba don ka ba motar asibiti hanya. Waɗannan hujjoji ne da za a iya bincikawa a tabbatar, shi ya sa suke da daraja. Ka rubuta su a gajarce, da rana da lokaci da wuri. Idan Larabcinka bai nuna ba, nemi ɗan'uwa haifaffen nan ya rubuta maka, kada ka bar fassarar waya ta juya maka magana.

Akwai wani nau'in da ya fi cin mutanenmu, kuma ni ma ya taɓa cina. Sahir bai san fuskar kowa ba, sunan da ke kan istimara, takardar rajistar mota, ya sani, ko sunan wanda aka yi wa tafwili, wato izinin tuƙa motar a hukumance. Na taɓa aiki da wani kamfanin dakon kaya, na mayar musu da mota na koma wani aiki, su kuma ba su cire sunana daga kan motar ba. Wanda ya gaje ni yana zuba gudu a hanyar Madina, saƙonni suna zubo mini. Abin da ya fitar da ni takardar miƙa mota ce mai kwanan wata da sa hannu, wadda Allah ya sa ban yar ba. Tun daga ranar ba na barin mota a hannun kowa, ko ɗan'uwana na jini, sai an yi tafwili, ba na kuma ajiye makulli sai na ga an soke nawa. Wanda ya ara wa aboki mota a kan amana ta fatar baki, ranar da saƙo ya zo zai ga cewa "ba ni nake tuƙi ba" magana ce mai wuyar tabbatarwa.

Kada a haɗa wannan da rahoton haɗari. Idan aka yi karo ba wanda ya ji rauni, kamfanin Najam mai duba haɗarin mota ake kira, su zo su raba laifi da kaso: wannan 100, ko 75 da 25, ko 50 da 50. Rashin yarda da wannan rabo shi ma i'itiradi ake ce masa, amma hanyarsa daban, wa'adinsa daban, kuma abin da ke bayansa kuɗin gyara ne da inshora.

Sai lissafin kwanaki. Bayan kwana 30 na ƙalubalanta sun wuce, ko an ƙi karɓar hujjarka, doka ta ba da kwana 15 a biya, ana kuma iya neman ƙarin wa'adi na kwana 90. Wanda ya yi biris bayan haka ana iya cire kuɗin kai tsaye daga asusunsa na banki. Ga mai iƙama akwai abin da ya fi wannan ciwo: mukhalafar da ba a biya ba tana tare masa bizar fita da dawowa da ta fita ta ƙarshe. Na san baƙin cikin mutumin da rasuwa ta same shi a Kano, ya tashi neman biza, sai tsohuwar tara ta gitta masa. A ɗaya gefen kuma, tun 18 ga Afrilun 2024 ana rage kashi 25 cikin ɗari ga wanda ya biya da wuri. A riyal 3,000 ragin ya kai 750, kuɗin da ba ƙarami ba ne ga direban gida. Rangwamen rabi da aka yi wa tsofaffin tarori ya rufe ranar 18 ga Afrilun 2025, don haka masu tara bashi suna jiran a sake yin afuwa suna jiran abin da ba wanda ya yi musu alkawarinsa.

Ra'ayina, bayan shekarun da na yi a kan waɗannan tituna, shi ne mai gaskiya ya ƙalubalanta ko da tarar riyal 150 ce, kuma ya yi a makon farko tun yana tuna inda yake a ranar. Wanda kuwa zuciyarsa ta san ya yi, kada ya rubuta ƙarya don gwada sa'a. Ƙarya ce a gaban hukuma da gaban Allah, tana kuma ƙara tsawon layi ga wanda aka jingina wa laifin da ba nasa ba. Abin da ya fi damuna ma ba kuɗin ba ne. Kurɗa-kurɗa a hanyar Jidda zuwa Makka rayuka take ci, kuma yawancin motocin da muke ja ɗauke suke da matan mutane da 'ya'yansu, ko alhazan da suka sayar da gona suka zo.

Na sake tambayar yaron a hankali, "Ɗana, tsakaninka da Allah, ka yi ko ba ka yi ba?" Ya yi shiru, sannan ya ce uwar ɗakinsa ce ta makara zuwa filin jirgi, tana ta cewa ya yi sauri, shi kuma ya riƙa tsallake layi. Na ce masa to babu i'itiradi a nan. Washegari na shiga mota na je Jidda, muka zauna da maigidansa, na bayyana masa yadda abin ya faru ba tare da ɗaga murya ba. Ya yarda ya ɗauki rabi, 'yan'uwa muka haɗa sauran, aka biya ta Sadad, tsarin biyan kuɗi ta banki, tun wa'adin ragin bai cika ba.