Fihirisar neman fayil a kwamfuta

Fihirisar neman fayil ma'ajiyar bayanai ce da babbar manhajar kwamfuta ke tanada tun kafin a tambaye ta, domin da zarar mutum ya rubuta kalma a akwatin bincike amsa ta fito. Kamar fihirisar bayan littafi take: kowace kalma da jerin wuraren da ta bayyana. Lokacin nema kwamfuta ba ta bin faifan ajiya fayil bayan fayil, wannan jerin take dubawa.

Tarihi

Daga cikin na farko akwai locate na tsarin Unix, wanda James Woods ya rubuta wajen 1982. Sunayen fayiloli kawai yake riƙewa, ba ruwansa da abin da ke cikinsu, kuma sau ɗaya a rana ake sabunta jerin, galibi cikin dare. Fayil ɗin da aka ajiye da hantsi sai washegari yake bayyana.

Microsoft ya fitar da Index Server a 1996, wanda ya zama Indexing Service a Windows 2000. Apple ya kawo Sherlock a Mac OS 8.5 cikin 1998. Amma wanda ya fi birgewa a lokacin shi ne BeOS, tsarin da bai yi kasuwa ba: a can fihirisar tana cikin tsarin ajiyar fayil ɗin kansa, saboda haka ba ta zama tsohon labari. Dominic Giampaolo, ɗaya daga cikin waɗanda suka gina shi, ya koma Apple daga baya, kuma da hannunsa a Spotlight, manhajar neman fayil ta Mac.

A 2004 gasar ta yi zafi. Apple ya nuna Spotlight a watan Yuni, Google Desktop ya fito a Oktoba. Spotlight ya isa hannun jama'a a Afrilun 2005 tare da Mac OS X Tiger, Windows Vista ya biyo da nasa a 2007. An soke WinFS, shirin Microsoft na sabon tsarin ajiyar bayanai, a 2006, Google kuma ya daina nasa a 2011.

Yadda take aiki

Da farko wata ƙaramar manhaja tana zagaya folda-foldan kwamfutar a ɓoye, tana sassautawa idan mai kwamfutar ya kama aiki. Kowane nau'in fayil da matatarsa, mai zare rubutu daga PDF ko Word ko wasiƙar imel. Windows na kiran ta IFilter. Sai a yanyanka rubutun kalma-kalma, a haɗa da suna da girma da ranar gyara. Daga nan ba a sake zagaye: tsarin ne ke sanar da kowane canji, ta USN Journal a Windows, FSEvents a Mac, inotify a Linux. A Mac fihirisar tana cikin ɓoyayyen wuri mai suna .Spotlight-V100.

Wajen yanka kalmomi rubutun Hausa kan sha wahala. A Unicode, tsarin da kwamfuta ke gane haruffa da shi, ƙ harafi ne mai zaman kansa, don haka wanda ya nemi "kasa" ba lallai ya samu "ƙasa" ba, kuma alamar da ke cikin 'ya'ya na iya raba kalmar gida biyu.

Linux

GNOME da KDE fuskokin aiki ne na Linux. GNOME na amfani da LocalSearch, wanda a da ake kira Tracker, KDE kuma Baloo tun 2014.

Suka

Wasu na kashe fihirisar saboda cin batir da nauyaya tsofaffin faifai; wasu na ganin a faifan SSD, na zamani mai sauri, nauyin bai taka kara ya karya ba.