Samanja Mazan Fama: Amsoshin Tambayoyin Da Ake Ta Maimaita Mini

Tun da Allah Ya yi wa ɗan wasan kwaikwayon nan Samanja rasuwa a Kaduna a watan Nuwamban 2023, tambayoyi iri ɗaya ake ta jefo mini. Ga amsa sau ɗaya.

Samanja ne sunansa na yanka?

A'a. Usman Baba Pategi sunansa.

To mene ne Samanja?

Muƙamin soja ne, saje-manja. Bakin bariki ya tauna shi ya koma Samanja, kamar yadda muka samu kofur da kyaftin. Mazan fama kuwa kirari ne.

Bahaushe ne?

Banufe ne, ɗan gidan sarautar Pategi a jihar Kwara. Kuma don Allah a daina yi mini wannan tambaya kamar an kama shi da laifi. Mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana wasa da Hausa a Rediyon Kaduna da NTA, me kuma ya rage ya biya?

Da gaske ya yi soja?

Ya yi, a zamanin yaƙin basasa. Shi ya sa tsawarsa da yadda yake cakuɗa Hausar bariki da buroka ba su yi kama da koyo ba. A gidanmu, da an ji muryarsa sai yaran maƙwabta su cika tabarma gaban talabijin mai baƙi da fari.

Ɗana Usman ne amma kowa Samanja yake ce masa. Wanne zan rubuta a makaranta?

Nan sai a yi a hankali. Kwantar da hankalinka, laƙabi ba aibu ba ne; Usman nawa ake kira Shehu albarkacin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo? Amma takarda ba ta san laƙabi ba. Ni dai shawarata, abin da liman ya raɗa ran suna shi za ka sa a takardar haihuwa, shi kuma za ka bi harafi da harafi a makaranta da NIN da JAMB. In an riga an rubuta laƙabin a firamare, gyara shi tun kafin rajistar WAEC, don bayan nan sai an haɗa da rantsuwa a kotu, wani lokaci har da sanarwa a jarida, kuma kowace hukuma da nata sharaɗin. In kuwa yaron ya girma, duk takardunsa Samanja suke ɗauke da shi, wataƙila barinsa ya fi sauƙi, matuƙar babu saɓani tsakaninsu. Ko saɓanin rubutun Usman da Usumanu, na ga ya hana wani yaro shiga jami'a shekara guda.

Shi Usman ɗin me yake nufi?

Ƙamusun Larabci sun ce ɗan tsakon tsuntsun hubara ne. Amma iyayenmu ba tsuntsu suke dubawa ba, Sayyidina Usman ɗan Affan, halifa na uku, suke wa takwara.

Ya yi kuɗi da wasan?

Ba aljihunsa na zo lissafawa ba. Ku yi masa addu'a, Allah Ya jiƙansa.