Tsamiyar da muke sha, wa ya dasa ta?

Jama'a, ku duba tsamiyoyin garinku da kyau. Kusan duk tsofaffi ne, gadonsu muka yi, ga masu gawayi na ta sara, ƙanana kuwa sai an tona. Kowa na son kunun tsamiya da azumi, amma da wuya ka ga wanda ya dasa ko guda. Wasu na cewa matattarar aljanu ce. To, aljanun dai ba su taɓa hana kowa tsinkar 'ya'yanta ba.

Shukarta ba wuya. Ƙwallon ne ke da taurin baya, don haka a jiƙa shi a ruwan ɗumi ya kwana, ko a ɗan kankare gefensa da reza. A sa a leda mai ƙasa da ruɓaɓɓen taki tun da bazara, cikin mako 2 za a ga tsiro. Sai damina ta zauna a dasa, a bar tazarar mita 10 tsakani. Kada a kai ta tsakiyar gona, domin inuwarta na da duhu, gero da dawa ba sa abin kirki a ƙarƙashinta. Gefen gona, bakin hanya da filin makaranta sun fi, muddin ba wurin da ruwa ke kwanciya ba ne.

Inda aka fi yin asara shi ne awaki. Dashen da ba a kewaye da ƙaya ba, a rani guda za su gwaguye shi tas. A kewaye, a riƙa ba shi ruwa rani biyu na farko, ko da na wanke-wanke ne marar sabulu. Da saiwa ta nutsa, ita da kanta za ta nemi ruwa. Sai kuma haƙuri: ta ƙwallo kan kai shekara 7 ko fiye kafin ta haihu, mai aure kuwa shekara 3 zuwa 4, kamar yadda muka sani a mangwaro.

Da hunturu take nuna. Matsa ɓawon da yatsa: in ya fashe ƙas, cikin ya yi ja-ja mai danƙo, ta yi. Don Allah samari a daina sare reshe don a sami na sayarwa, reshen nan shi zai ba da na baɗi.

Iyayenmu mata, ajiya taku ce. A shanya, a ɓare, a cire ƙwallon, don a cikinsa ƙwaro ke ɓuya. A cura a sa a tukunyar ƙasa ko roba mai murfi, ban da gwangwani, tsamin na cin ƙarfe. Tana sassauta ciki ga mai fama da taurin bayan gida, amma in ta yi yawa sai gudawa, musamman ga yara. Mai ciwon suga kuma ya kula da sukarin da ake antaya wa kunun.