Rigakafin yara: nauyin da ke kan iyaye da wanda ke kan ma'aikacin lafiya

A ƙauyukanmu na Jigawa magidanta kan tambaya ko allurar rigakafi dole ce ko ganin dama. Dokar Kare Haƙƙin Yara ta tarayya ta 2003, a sashe na 13, ta wajabta wa iyaye da masu riƙon yaro ɗan ƙasa da shekara 2 su tabbatar an yi masa rigakafi cikakke, kuma jiharmu ta yi tata dokar kare yara a 2021. Allurar kyauta ce a asibitin gwamnati, tun daga ta ranar haihuwa, da ta mako 6, 10 da 14, har zuwa ta ƙyanda a wata 9 da wata 15. Wanda ya nemi kuɗin allura ko na kati ya saɓa wa ƙa'ida, a sanar da shugaban asibitin.

Sai dai ni a ganina ba a cika gaya wa iyaye cewa mu ma'aikatan lafiya ma akwai abin da ya rataya a wuyanmu ba. Nas ko ungozoma ba ta da ikon yin aiki sai da lasisin majalisar da ke kula da ma'aikatan jinya da ungozoma ta ƙasa, haka ma jami'in lafiya na karkara yana da hukumar da ke yi masa rajista. Kafin ma'aikaciya ta taɓa yaro, wajibi ne ta faɗa wa uwa sunan cutar da allurar ke karewa, da abin da zai iya biyo baya, da ranar dawowa, sannan ta rubuta a katin yaron da kuma rajistar asibiti. Yawancin magungunan ana ajiye su ne a sanyin digiri 2 zuwa 8, kuma a jikin kwalbar akwai alamar da ke yin duhu idan zafi ya lalata maganin. Ta ƙyanda da ta tarin fuka, da zarar an haɗa su da ruwansu, ba sa wuce awa 6, ragowar zubarwa ake yi komai yawanta. Kowane yaro kuma da sabon sirinjinsa, a buɗe shi a gaban uwarsa.

Ba na ganin laifin mai tambaya. Mutanenmu ba su manta da gwajin maganin Trovan da aka yi wa yara a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ba, ko da yake wancan magani ne na gwaji, ba rigakafi ba. Abin da ya kamaci ma'aikaci shi ne ya yi bayani cikin mutunci, ba tsawa ba, idan ta kama a zauna da maigida ko mai unguwa.

Ɗan zazzaɓi ko kumburin cinya na kwana ɗaya ko biyu ba abin tsoro ba ne. Amma idan yaro ya yi jijjiga, ko numfashinsa ya yi wuya, ko wurin ya tara mugunya, a dawo da shi nan take tare da katinsa, domin dole ne mu duba shi, mu cika takardar rahoto, mu aika wa jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma.