Mai gina shafukan intanet a fannin ilimi

Mai gina shafukan intanet a fannin ilimi shi ne ma'aikacin da ke rubuta manhajojin da ɗalibai da malamai ke shiga ta waya ko kwamfuta don ɗaukar darasi, da miƙa aikin gida, da rubuta jarrabawa, da duba sakamako. Ana samunsa a jami'o'i da kamfanoni da ƙungiyoyin sa-kai. Wani ya fi ƙwarewa a fuskar shafi, wato abin da ido ke gani, inda ake aiki da harsunan kwamfuta irin su HTML da CSS da JavaScript. Wani kuma nasa aikin yana bayan fage ne, wajen rumbun da ake adana sunayen ɗalibai da makinsu.

Tarihin sana'ar ba ya cika sai an ambaci Moodle, wata manhajar koyarwa ta intanet. Martin Dougiamas, ɗan ƙasar Ostireliya, ya tashi ne a hamadar yammacin ƙasar, inda makaranta ta yi nisa, har sai ta rediyo ya riƙa ɗaukar darasi yana yaro. Daga baya ya yi aiki a Jami'ar Curtin da ke birnin Perth, yana kula da wata manhajar koyarwa mai suna WebCT, wadda ba ta ba shi damar gyara ta yadda yake so. Wannan takaicin ya sa ya rubuta tasa, wato Moodle, da harshen PHP, ya fitar da ita a watan Agustan 2002, ya bar ta kyauta ga kowa ya ɗauka ya gyara. Shi ya sa yawancin masu wannan aiki a jami'o'i ba daga tushe suke gini ba. Abin da suka tarar suke yi wa ƙari da kwaskwarima, su haɗa shi da rajistar makaranta, su sabunta shi lokacin hutu. Akwai kuma Open edX, da aka rubuta da Python aka saki ga jama'a a 2013, shekara guda bayan jami'o'in Harvard da MIT sun kafa dandalin karatu na edX, sai Canvas da aka gina da Ruby.

Inda aikin ya sha bamban da gina shafin kasuwanci shi ne ranar jarrabawa. Mai saye idan shafi ya tsaya masa sai ya dawo gobe, amma ɗalibin da aka ba minti 40 ba shi da gobe. Dubbai ne ke shiga a lokaci guda, don haka ake tsara manhajar ta riƙa ajiye amsoshi tun ɗalibi bai gama ba, ko da sabis ya ɗauke. A 2020, da cutar korona ta sa aka rufe makarantu, kusan kowace rana ta koma kamar ranar jarrabawa.

Akwai ƙa'idojin da ba makawa sai mai gina shafin ya san su. SCORM da LTI su ne ke sa darasin da aka shirya a wata manhaja ya yi aiki a cikin wata. WCAG, wadda W3C, hukumar da ke tsara ƙa'idojin shafukan intanet, ta fitar da bugunta na biyu a 2008, ta shafi nakasassu: makaho ya iya bin shafi da manhajar da ke karanta masa rubutu, kurma ya sami rubutun abin da ake faɗa a bidiyo. Lissafi ma da nasa ciwon kan, har Khan Academy, wata ƙungiyar koyarwa ta intanet, ta ƙirƙiro manhajar KaTeX don alamominsa su fito da sauri. 

A inda data ke da tsada, shafi mai nauyi korar ɗalibi yake yi. Ƙungiyar Learning Equality ta gina manhajar Kolibri don a yi karatu ba tare da intanet ba. Mai shirya darasi da Hausa kuma sai ya tabbatar rumbunsa na karɓar tsarin adana haruffa na UTF-8, in ba haka ba ƙ da ɗ da ɓ sukan rikiɗe su koma alamar tambaya.

Tun da bayanan yara ne a hannun mai gina shafin, doka na biye da shi: COPPA ta 1998 a Amurka kan 'yan ƙasa da shekara 13, GDPR da ta fara aiki a Tarayyar Turai a 2018, da dokar kare bayanai da Najeriya ta yi a 2023.